Gawon gonakinmu da matattun batiran bayan gida

Duk shekara in 3 ga watan Agusta ta zo sai ka ga manya sun fito cikin manyan riguna, an haƙa rami an saka ɗan icce, an zuba mishi ruwa da buta, an ɗauki hoto an watse. Tun 1975 zamanin Seyni Kunce ake wannan biki a Nijar na dashen itatuwa a ranar samun 'yancin kai, kuma ni ban ce aikin banza ba ne, dogon yaron da ke ba mu inuwa a bakin hanyoyi da cikin lakwal-lakwal ai wasu ne suka dasa muka tarar. Amma don Allah wanda ya taɓa komawa filin da aka yi dashen in zafin Afrilu ya kama, ya faɗa mana abin da ya gani. Wasu akuya ta cinye, wasu ƙishirwa ta kashe, wayar da aka kewaye su da ita ma wani ya kwance ya kai gida. Ba mai shi, shi ya sa.

Dajin gaske da ya dawo a ƙasar Damagaram kuwa ba wanda ya dasa shi. Ka ɗauki hanyar Matamaye ko Magariya da rani, lokacin da aka gama girbi ƙasa ta yi fari fat, za ka ga gawo shar da ganye cikin gonaki iya ganinka, wani wuri har ba ka hango ƙauye sai ka zo daf da shi. Mu da muka taso muka tarar da shi haka sai mu ɗauka dama can haka ƙasar take. Ba haka take ba. Ka tambayi duk dattijon da ya ga farin 1973 zuwa 1974, ko yunwar 1984 wadda mutane suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a lokacin, zai ce maka akwai shekarun da mutum ke tsayawa a bakin garinsu ya hango na maƙwabta ba abin da ya tare mishi ido. Iska in ta taso farkon damina da rairayi take tafe, ta yanke hatsin da ya tsiro ko ta binne shi, manomi ya sake shuka, ta sake binnewa, iri ya ƙare a rumbu damina ba ta ma zauna ba.

Kuma ba fari kaɗai ya share itatuwan ba, har da doka. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935 icce ya zama na gwamnati ko da a tsakiyar gonar gadonka ya tsiro, bayan 'yancin kai ma aka ɗora a kan haka. Ka sare reshe ɗaya na gawon da ke gonarka ma'aikacin daji ya ci ka tara. To wane mai hankali ne zai bar ɗan icce ya girma a gonarsa ya zame mishi masifa? Tun yana toho ake sa mishi gatari a ƙone. Ga kuma malaman gona na wancan lokaci da ke koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture ba sabara, don garmar shanu ta wuce ba cikas a zuba gyaɗa.

Abin mamaki kakanninmu sun riga kowa sanin darajar gawo. Ana ba da labari har yau cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, wai wanda ya sare shi a bakin ransa. Ni dai ba na roƙon a dawo da wannan hukunci, amma ya nuna maka mutanen nan sun san abin da suke tsarewa. Gawo icce ne mai halin kansa, da damina da kowane icce ke ado da ganye shi zubar da nashi yake, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke nema. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi irin yadda wake ke yi. Da rani sai ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi a wurin, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne da ake cika buhu a kai kasuwa. Duk wanda ya taɓa noma ya san hatsin gindin gawo daban yake, zangarniyar ma ta fi kauri.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka fara juyawa. A Maradi wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ake sharewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan manyan itatuwa ne da ke raye a ƙarƙashin ƙasa da saiwarsu gaba ɗaya. Sai ya shiga jan hankalin manoma, in an zo sassabe kar a aske duka, a zaɓi rassa biyu uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a dinga yi musu aski suna miƙewa. Shi ke nan fa, ba leda ba ban ruwa ba waya. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da noman tassa, wato haƙa ƙananan ramuka a zuba taki a shuka a ciki don su riƙe ruwa. Sun cancanta. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne a nan wajenmu, Magariya da Matamaye da Miriya, yawancin aikin manoma ne suka yi da kansu ba furoje ba komai. Mutane sun yi yawa, gona ta ƙanƙance, babu sauran saurar da za a bari ta huta, takin zamani ya fi ƙarfin aljihu, ma'aikatan daji kuma ƙafarsu ta ɗauke saboda gwamnati ba kuɗi. Sai mutum ya ga ɗan gawon da ya tsiro daga kashin akuya a gonarsa ya ce bari in bar shi. Maƙwabci ya ga amfanin ya kwaikwaya.

Shekaru aka yi duniya ba ta san ana yi ba, har mutanen Yamai ma. Sai wajen 2004 zuwa 2006 masu bincike irin su Mahamane Larwanou ɗan ƙasarmu da Chris Reij da Gray Tappan suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1975 suka jera da na tauraron ɗan adam, suka kuma sauko suka taka gonakin da ƙafa. Lissafin da ya fito daga aikinsu shi ne wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. Wannan kam na'ura ta yi abin kirki, ba ta dasa ko icce ɗaya ba amma ta zama shaida ga talaka, ta rufe bakin masu cewa yawan haihuwarmu ne ke cinye daji, don inda mutane suka fi cunkushewa nan itatuwan suka fi yawa. Sai a watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince a rubuce cewa wanda ya raini icce a gonarsa shi ke da ikon morarsa. Manoma sun riga doka da shekara talatin da wani abu.

Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wadda aka ce za ta taso daga Senegal har Jibuti kusan kilomita 8000, ita ma da dashe aka fara tunaninta, daga baya masu tsarin suka karkato zuwa irin wannan aiki na manoma da tassa da ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata. Wajen Gure inda tudun rairayi ke tafiya yana cinye kwaruruka da dabino, can dole a sa hannu a kafa shingaye a dasa, wannan wani yaƙi ne daban kuma yana cin kuɗi.

To amma kar in yi ta waƙar yabo kamar komai lafiya. Wani kawuna da ke noma a wani ƙauye kudu da Matamaye, na ce mishi Kawu ai ku kun huta, ga itace ga taki ga abincin dabbobi. Ya yi dariya ya ce ɗana ba ka kwana a gona ba shi ya sa. Wai in rani ya yi tsanani akwai masu zuwa da dare da gatari, wasu makiyaya ne da ke sassare rassa don dabbobinsu, wasu kuwa 'yan gari ne masu kai itace birni, ka wayi gari gawon da ka raina shekara goma an yi mishi ƙwal. Ban ga laifin fushinsa ba, amma makiyayin ma yana da tashi magana, burtalin da kakansa ke bi an nome shi, wurin kiwo ya zama gona, ina zai sa kansa? Sannan akwai waɗanda ba a jin muryarsu sam, matar da mijinta ya rasu ba ta da gona, da can tana fita ta tsinto kalgo da sabara ko'ina ba mai ce mata kanzil, yanzu kowane icce da mai shi. A garuruwan da aka zauna aka yi kwamiti, da mai gari da wakilin Fulani da mata a ciki, rigimar na da sauƙi. Dajin Takeita ma da aka sa mazauna kewayensa da makiyaya cikin kula da shi ya nuna ana iyawa. Inda ba a zauna ba kuwa sai ƙarfi ya yi aiki.

Kuma wa ke sayen itacen da ake sata da dare? Mu ne nan 'yan birni. Ka tsaya da safe a kowace mashigar gari ka ga amalanken shanu da jakuna suna shigowa da lodin itace, duk tukwanenmu za su. Mai gasa nama, mai burodi, mai ƙosai, gidan biki. Abin ya fi ba ni haushi in na tuna matatar mai ta SORAZ tana nan kan hanyar Tanut kamar kilomita 50 daga Damagaram, tun 2011 take tace man Agadem, ƙarfinta ganga 20,000 a rana, kuma gaz na girki na cikin abin da take fitarwa. A ƙofar gidanmu ake yin shi. Gidaje da yawa sun koma gaz, alhamdu lillahi, amma ka tambayi matan da ba su koma ba ka ji dalili, ba jahilci ba ne kamar yadda wasu masu ilimin boko ke cewa. Kuɗin butalin farko da kan murhun a dunƙule ake biya, itace kuwa na dala ashirin ma ana sayar maka ka dafa na yau. Ga tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar, ɗan kan gaz ɗin nan ba ya ɗaukarta, in ka sa muciya ka fara tuƙi sai ya nemi kifewa. Ga tsoron gobara a gidan da yara suka cika. Wanda ke son mata su bar itace ya fara zama da su a madafa ya ga yadda ake tuƙa tuwo kafin ya zo da wa'azi.

Leda kuma ban san ta inda zan fara ba. Akwai doka tun Nuwamba 2014 da ta hana shigo da ledar nan mara kauri da sayar da ita a Nijar. Dokar na nan a takarda, ledar na nan a kan kowace ƙaya da ke bayan gari. Ka sayi tumatir leda, ka sayi barkono wata ledar, koko ma da zafinsa a leda. Mahauta za su gaya maka abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki, dabba tana ci tana ramewa mai ita na ta sayen magani. In damina ta zo ita ce ke toshe magudanan ruwa, ga shi dama mun cike tafkunan cikin gari da shara mun yi gini a hanyar ruwa. Ruwan 2024 ya nuna mana iyakarmu, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, har tsohon masallacin unguwar Birni da ke tsaye tun ƙarni na 19 ya rushe farkon Satumba, mutane suna kallo a waya suna salati. Ba leda ce ta kada masallaci ba, ruwa ne ya yi yawa, amma garin da ruwan sama bai da hanyar fita kowane gini na cikin haɗari. Wai kuma garin da ya fi kowane gari kukan ƙishirwa kenan. Zinder, wato birnin Damagaram, a kan dutse take zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, rashin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka maida babban birni Yamai a 1926, har yau daga nesa ake jawo mana shi, daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram, ana layin bido ana jiran 'yan ga-ruwa. Wata uku ruwa na cin gidaje, wata tara muna saye da tsada.

Yanzu ga sola ta shigo, kuma ni masoyinta ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, a lokacin kuwa wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Wanda bai taɓa tunanin farantin sola ba sai da ya yi. Yau ka shiga ƙauyen da bai taɓa ganin turken kuran ba ka tarar da mai cajin waya, mai sayar da ruwan sanyi, ɗakin haihuwa da fitila. Rana dai Allah ya hore mana ita har ta yi yawa. Wanda ya ce a bar sola bai san duhu ba.

Matsalar ita ce batir. Yawancin batiran da talaka ke iya saye irin masu dalma da ruwan batir ne, kuma zafin garin nan ba ya barin su su yi tsawon rai, da yawa ma tun daga kanti ba su da ƙwari, an liƙa musu lambar ƙarfin da ba su da shi. In ya mutu ina yake zuwa? Ko a jefa shi bayan ɗaki yara su maida shi kujera, ko a sayar wa 'yan gwangwan, wani ya fasa shi da gatari ya tuttular da ruwan a ƙasa inda kaji ke kiwo, ya narka dalmar a cikin unguwa hayaƙin na shiga gidaje. Dalma ba ta da wari ba ta da zafi a jiki nan take, a hankali take taruwa a jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Wannan ba tsoratarwa ba ce, ya faru. A wata unguwa da ake kira Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda sana'ar fasa tsofaffin batira. Nan kusa da mu a Zamfara a 2010 yara sama da 400 dalma ta kashe, ita daga dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Ra'ayina a nan ba shi da wuya. Wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi mishi aski. Ɗan kasuwar da ya shigo da kwantena ta batira ya ci riba, shi ya kamata ya karɓi matattun, ka kawo tsoho a rage maka kuɗin sabo, shi kuma a tilasta mishi kai su inda ake narkawa da kayan aiki nesa da mutane. Ai muna yin haka da butalin gaz, ba wanda ke jefar da fanko don yana da kuɗi a kansa. Haka furojen da ke zuwa ƙauye su kafa fanfon sola su yanke kyalle su tafi, a tambaye su tun ranar farko wa zai gyara in ya tsaya, ina ake samun kayan gyaran, wane yaro a garin aka koya wa. Ƙauyuka nawa ke da tankin ruwa a sama da farantai suna ƙyalli, mata kuma sun koma tsohuwar rijiya da guga saboda wani ɗan ƙarfe da ya ƙone ba wanda ya san sunansa.

Akwai kuma wata da ban ji ana magana a kanta ba. Masu lambu a kwarin Korama da wajen Gidimuni, masu rake da kabeji da albasa, da can injin mai suke ja da shi, tsadar mai ke sa mutum ya kashe inji da ya ga fili ya sha. Yanzu wanda ya samu fanfon sola ba ya biyan ko dala, daga fitowar rana har faɗuwarta ruwa na zuba. Alheri ne babba ga aljihunsa, ban musa ba. Amma ruwan ƙarƙashin kwarin na kowa ne, in masu hali suka yi ta zurfafa foraj suna ja ba awo, mai 'yar rijiyar hannu da ke gefe shi zai fara ganin guga na dawowa da laka. Gara a zauna a yi ƙa'ida tun ruwan na kusa, masu lambun da kansu, kamar yadda aka yi kwamitocin itatuwa.

Sai maganar kuɗin iska da ta fara yawo, wai kamfanonin ƙasashen da suka cika sama da hayaƙi za su biya manomi don itatuwansa na shanye shi. In kuɗin zai iso hannun wanda ya yi rainon, madalla, ya ci guminsa. Abin da nake jin tsoro shi ne takarda da Faransanci ko Turanci da za a kawo wa mutumin da bai iya karanta ta ba ya dangwala yatsa, a ciki an rubuta ba zai taɓa gawonsa ba shekara ashirin ko talatin, ɗan tsakiya ya kwashe mai tsoka. In aka yi haka an maida mu 1935 ta bayan gida, icce a gonarka amma na wani ne. Duk mai ɗan'uwa a ƙauye da aka zo wa da irin wannan takarda, ya ce mishi kar ya sa hannu sai an karanta mishi ita da Hausa a gaban mai gari da shaidu, a faɗi shekara nawa, nawa za a biya, wa zai biya, kuma ko yana da ikon sassabe da saran reshe in matarsa na bukatar itacen girki.